Wasannin Kwamfuta a Kan Linux: Shin Aikin Tafinta Goyon Baya Ne?

Na san akwai masu karatun da za su taɓe baki da ganin wannan take, su ce duk da tarin matsalolin da suka dabaibaye ƙasar nan, marubuci ya rasa abin da zai ƙarar da tawadarsa a kai sai wasan yara. Ina neman afuwarsu, ina kuma roƙon su bi ni sannu a hankali, domin tambayar da ke ƙarƙashin wannan batu ta wuce wasa. Tambayar ita ce: idan kamfani ya karɓi kuɗinka, kayansa suka yi aiki a na'urarka yau, me ya wajaba a kansa ranar da suka daina aiki? Ma'abota wasannin kwamfuta sun shafe shekaru suna cacar baki a kan wannan, kuma amsar da za a bayar ta shafi duk mai sayen manhaja, ko don ɗansa ne ko don ma'aikatar da yake shugabanta.

Bari in fara da share fage. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja, wadda ke tsakanin ƙarafan na'urar da sauran ƙananan manhajojin da muke amfani da su. Wadda galibinmu muka sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, wadda rubutun asalinta ke kulle a hannun masu ita. Kishiyarta ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyarta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Ita Linux buɗaɗɗiya ce, kowa na da ikon karanta rubutunta, ya gyara, ya kuma rarraba. Zuciyarta ce ke cikin kowace wayar Android, kuma a 2017 ta mamaye dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya. Amma a kan teburin mutum na gida ta daɗe tana jan ƙafa, kuma wasanni na daga cikin manyan dalilan hakan.

Wasan kwamfuta ba ya magana da na'ura kai-tsaye. Idan yana son ya buɗe fayil, ko ya fitar da sauti, ko ya zana filin ƙwallo sau 60 a cikin daƙiƙa guda, sai ya miƙa buƙatarsa ga babbar manhaja cikin yaren da take ji. Mafi yawan wasanni an rubuta su ne da yaren Windows, wato Win32 na harkokin yau da kullum da DirectX na zane da sauti. Linux ba ta jin wannan yare. Saboda haka hanya biyu ce ta rage: ko masu wasan su sake gina shi da yaren Linux ya zama ɗan gida, ko a samo tafinta ya tsaya a tsakani, ya riƙa karɓar buƙatun wasan cikin yaren Windows yana juya su zuwa abin da Linux ke fahimta.

Wannan tafinta shi ne manhajar Wine, wadda aka fara a 1993, Alexandre Julliard ya karɓi ragamarta a 1994. Aikin ya yi wahala ƙwarai, domin sai a 2008, bayan shekara 15, aka fitar da bugun da aka kira na ɗaya. Ya kamata a lura cewa Wine ba ta kwaikwayon wata na'ura dabam, ƙwaƙwalwar kwamfutar ce dai ke gudanar da wasan kamar yadda za ta yi a Windows. Buƙatun da wasan ke aikawa kaɗai ake fassarawa, shi ya sa nauyin aikin bai kai yadda mutane ke zato ba. A watan Agustan 2018 kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, tare da haɗin gwiwar kamfanin CodeWeavers, ya fito da Proton. Proton ta ƙunshi Wine da wasu ƙarin tafintoci, mafi shahara cikinsu DXVK ta Philip Rebohle, wadda ke juya umarnin zane na DirectX zuwa Vulkan, wani buɗaɗɗen tsari da ƙungiyar Khronos ta fitar a 2016. Daga ranar, mai Linux ya samu damar latsa maɓalli ɗaya wasan Windows ya tashi.

A nan ne aka rabu gida biyu. Ɓangare na farko na cewa ai an gama magana: wasa ya tashi, yana gudu lafiya, mai wasa bai damu da yaren da aka yi ciniki da shi ba. Ɓangare na biyu na cewa kayan aro ba ya rufe katara, wasan da aka rubuta wa Windows na Windows ne ko a ina aka buga shi, kuma duk wanda ya kira wannan goyon bayan Linux yaudarar kansa yake yi. Na karanta hujjojin kowane ɓangare, kuma ra'ayina shi ne dukansu sun ɗora ma'auninsu a inda bai dace ba. Kafin in faɗi nawa ma'aunin, ya kamata mu dubi abin da tarihi ya nuna game da kowace hanya.

Hanyar gina wasa ɗan gida an gwada ta, ba sau ɗaya ba. A 1998 aka kafa kamfanin Loki Software a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda sana'arsa ita ce sayen izinin manyan wasanni yana sake gina su don Linux. Ya fitar da irin su Civilization: Call to Power da Quake III Arena da SimCity 3000, aikin kuma ya yi kyau, amma masu saye ba su kai yawan da za su riƙe kamfani ba. A 2001 ya nemi kariyar kotu saboda bashi, a Janairun 2002 ya rufe. Bayan shekara 10, shugaban Valve, Gabe Newell, ya fito fili ya soki Windows 8, bisa fargabar cewa Microsoft zai iya killace sayar da manhajoji a shagonsa shi kaɗai. Sai Valve ya kawo Steam kan Linux a Fabrairun 2013, ya sanar da tasa babbar manhajar mai suna SteamOS a wannan shekarar, sannan a Nuwamban 2015 aka fara sayar da na'urorin Steam Machine. Dabarar ta dogara ne kacokan a kan kamfanoni su gina wasanninsu don Linux. Wasu sun yi, musamman ta hannun Feral Interactive na Landan da Aspyr na Amurka, amma yawancin manyan kamfanoni sun ce sai sun ga masu saye, masu saye kuma suka ce sai sun ga wasanni. Na'urorin suka yi kwantai.

Wani abin da masu kishin ɗan gida ba su cika son a ambata ba shi ne, wasan da aka gina wa Linux shi ma yakan zama maraya. Sau da yawa wani kamfani ne dabam ake ba kwangilar aikin, idan kwangila ta ƙare sai bugun Windows ya ci gaba da samun gyare-gyare, na Linux ya tsaya cik, har ta kai masu shi ba sa iya wasa tare da abokansu na Windows. Ga kuma halin Linux kanta, wadda rassanta ke da yawa, kayan cikinta kuma ke yawan canzawa. A Agustan 2022 wani sabon bugu na glibc, ɗaya daga cikin ginshiƙan tsarin, ya sa wasanni da dama masu manhajar Easy Anti-Cheat suka ƙi tashi, sai da aka yi ta kai-komo kafin a shawo kan lamarin. Microsoft kuwa, duk abin da za a faɗa a kansa, ya yi fice wajen tabbatar da cewa tsohuwar manhaja ta ci gaba da aiki. Wannan ya haifar da abin mamaki: akwai tsofaffin wasannin da bugunsu na Linux ba ya tashi a Linux ta yau sai an sha wahala, alhali bugunsu na Windows yana tashi ta hanyar Proton ba tare da gardama ba. Ashe ke nan zama ɗan gida shi kaɗai bai isa hujja ba.

To me tafinta ya tsinana? A Fabrairun 2022 Valve ya fitar da Steam Deck, ƙaramar na'urar wasa ta hannu da ke gudana a kan SteamOS, wadda a wannan karon aka gina ta a kan Arch Linux. Bambancinta da Steam Machine na 2015 shi ne, ba ta jira kowa ya gina mata komai ba, dubban wasannin Windows sun yi aiki a kanta tun daga farko. A watan da ta fito ne aka saki wasan Elden Ring, wanda ke da matsalar sarƙewa a Windows, injiniyoyin Valve suka yi gyara a cikin Proton wanda ya rage matsalar a Steam Deck tun kafin masu wasan su magance ta a gidansu. Mujallar Ars Technica, wadda gwajinta na 2015 ya nuna wasanni sun fi gudu a Windows fiye da SteamOS, ta sake gwaji a 2025 a kan na'urar Legion Go S ta kamfanin Lenovo, ta tarar a yawancin wasannin da ta gwada SteamOS ce a gaba. A ƙididdigar da Steam ke yi wa masu amfani da ita, Linux da ta shafe shekaru ƙasa da kashi 1 cikin 100 ta wuce macOS a 2023, ta kuma haura kashi 3 a 2025. Adadin ba shi da yawa, amma abin da shekara 20 na roƙon kamfanoni suka kasa samarwa, tafinta ya samar da shi cikin 'yan shekaru.

Haka kuma bai kamata a ɗauki amfani da tafinta a matsayin abin kunya da Linux kaɗai ke yi ba. Lokacin da kamfanin Apple ya canza ƙwaƙwalwar kwamfutocinsa a 2006, da kuma a 2020, manhajar fassara mai suna Rosetta ce ta riƙe tsofaffin manhajoji har aka tsallake. A 2016 Microsoft da kansa ya saka wa Windows 10 tafintan da ke gudanar da manhajojin Linux. A 2023 Apple ya fitar da kayan aikin gwada wasannin Windows a kan Mac, waɗanda aka gina a kan rubutun Wine. Babu wanda ya ce waɗannan kamfanoni sun yaudari abokan cinikinsu. Bugu da ƙari, kuɗin da Valve ya zuba ba a cikin Proton kaɗai suka tsaya ba. Ya ɗauki nauyin masu inganta manhajojin zane na Mesa, waɗanda masu Linux da yawa ke amfana da su ko suna wasa ko ba sa yi, kuma dukkan wannan aiki a buɗe yake ga kowa.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba, masu adawa da tafinta suna da hujjoji biyu da ba za a share su da hannu ɗaya ba. Ta farko darasin OS/2 ce. A 1992 kamfanin IBM ya fitar da bugu na biyu na wannan babbar manhaja, yana alfaharin cewa tana gudanar da manhajojin Windows fiye da yadda Windows kanta ke yi. Masu rubuta manhaja suka yi lissafi mai sauƙi: tunda abin da muka rubuta wa Windows yana aiki a can, me zai sa mu wahalar da kanmu? Akwai wasu dalilan da suka durƙusar da OS/2, amma wannan yana cikinsu. Alamar irin haka ta bayyana a Linux a 2021, lokacin da Feral Interactive ya dakatar da aikin kawo wasan A Total War Saga: Troy, yana mai cewa tun fitowar Proton buƙatar wasanni 'yan gida ta ragu. Ma'anar wannan ita ce yaren da ake rubuta wasanni da shi ya ci gaba da zama mallakar Microsoft. Shi ke ƙara masa sabbin kalmomi, tafinta kuma kullum yana biye yana koyo. A 2025 har zuciyar Linux kanta aka ƙara wa wani sashe mai suna ntsync, don kawai ta kwaikwayi yadda Windows ke tsara ayyuka masu gudana tare. Wasu na ganin wannan nasara ce, wasu kuma na ganin mai gida ne ke gyara ɗakinsa daidai da son baƙo. Hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2021 a shari'ar Google da Oracle, wanda ya halatta wa Google sake gina irin wannan yare na Java, ya ɗan kwantar da hankali ta fuskar doka, amma bai canza wanda ke riƙe da alƙalami ba.

Hujja ta biyu ta fi zafi, ita ce ta manhajojin hana maguɗi. Wasannin da ake bugawa da jama'a ta intanet suna fama da masu ha'inci, don haka kamfanoni kan dasa manhajar da ke shiga har cikin zuciyar Windows tana sa ido. Irin wannan ba ta fassaruwa, kuma a Linux, inda mai kwamfuta ke da ikon sauya zuciyar tsarin yadda ya ga dama, kamfanoni na cewa ba za su iya amincewa da abin da take gaya musu ba. A Satumbar 2021 manyan masu wannan sana'a biyu, Easy Anti-Cheat da BattlEye, sun sanar cewa za su yi aiki da Proton, amma sai idan mai wasan ya ga damar kunnawa. Kamfanin Epic, wanda shi ne mai Easy Anti-Cheat, bai kunna wa nasa wasan Fortnite ba, shugabansa Tim Sweeney ya ce a 2022 ba su da tabbacin iya daƙile maguɗi a kan Linux. Wasan ƙwallon FIFA 23, wanda jerinsa ya cika gidajen gem a garuruwanmu, ya zo a 2022 da sabuwar manhajar tsaro ta kamfanin EA wadda ta rufe wa Linux ƙofa. A 2024 League of Legends ya bi sahu. A Satumbar wannan shekarar Rockstar ya saka BattlEye a GTA Online, masu Steam Deck suka wayi gari ba sa iya shiga. A ƙarshen Oktoba kuma EA ya toshe Linux daga Apex Legends, wasan da Valve ya taɓa ba wa tambarin tantancewa a Steam Deck.

Mai karatu ya kwatanta waɗannan da abin da ya faru da Rocket League. Wannan wasa yana da bugun Linux ɗan gida, wanda kamfanin Psyonix ya sayar da sunan yana goyon bayansa. Da ya yanke shawarar janyewa a Maris na 2020, bisa hujjar cewa masu Linux da Mac gaba ɗaya ba su wuce kashi 0.3 cikin 100 na 'yan wasansa ba, sai da ya ba da sanarwa tun kafin lokaci, ya kuma buɗe ƙofar mayar da kuɗi. Ya yi hakan ne domin ya san akwai alkawarin da ya ɗauka yake warwarewa. Wanda kuwa wasansa ke gudana ta Proton alhali shafin cinikinsa Windows kaɗai ya ambata, ranar da ya rufe ƙofa zai iya cewa bai taɓa yi wa kowa alkawari ba, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. A wurina nan ne ainihin bambancin yake.

Hausawa ba su yi kuskure ba da suka kira abin goyon baya. Mai goyo ita ce ke jin nauyin yaro, ita ce kuma ake tambaya idan ya faɗi. Don haka ma'aunina tambayoyi uku ne, kuma babu ɗaya cikinsu da ta shafi yaren da aka rubuta wasa da shi. Shin kamfanin ya faɗa a fili, a wurin da ake biyan kuɗi, cewa kayansa na aiki a Linux? Shin yana gwada kowace sabuntawa a kan Linux kafin ya sake ta? Idan kuma abu ya lalace, shin zai karɓi ƙorafi ya gyara, ko ya mayar da kuɗi? Kamfanin da ya amsa waɗannan da e, yana goyon bayan Linux ko da ta hannun tafinta yake magana da ita. Wanda ya kasa amsawa kuwa, ko ya gina ɗan gida ya jefar a kasuwa ya juya baya, bai goyi komai ba.

Idan aka ɗora wannan ma'auni, za a ga cewa Proton goyon baya ce ta haƙiƙa, amma daga Valve. Shi ne ke biyan injiniyoyi, shi ke gwada wasanni yana raba su zuwa waɗanda aka tantance da waɗanda ake iya bugawa da waɗanda ba sa aiki, shi ke fitar da gyara idan sabon wasa ya ƙi tashi. Mafi yawan kamfanonin da ke yin wasannin kuwa, suna karɓar kuɗin masu Linux ba tare da sun ɗauki alhakinsu ba. Akwai waɗanda suka fi haka, suna gwada wasanninsu a Steam Deck suna gyara abin da ya karye, kuma sun cancanci yabo. Kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya ba da misali mai ilimantarwa a Satumbar 2025, sa'ad da ya fitar da bugun Baldur's Gate 3 ɗan gida don Steam Deck, amma ya bayyana ƙarara cewa ba ya goyon bayan sauran kwamfutocin Linux. Wasu sun ji haushi, ni kuwa na ga gaskiya ce da ta kamata a yi koyi da ita, domin ya shata iyakar alkawarinsa, mai saye ya san inda ya tsaya.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata masoya Linux su faɗa wa kansu. Sun guje wa dogaro da kamfani ɗaya, sai ga shi harkar wasanninsu ta rataya a wuyan wani kamfani ɗaya. Valve ba ƙungiyar agaji ba ce, kasuwarsa yake karewa daga Microsoft, kuma ranar da lissafinsa ya canza zai iya janye hannu. Abin da ke rage wannan fargaba shi ne lasisi. A farkon shekarun 2000 kamfanin TransGaming na Kanada ya ɗauki rubutun Wine ya gina hajarsa ta kuɗi, wadda daga baya aka kira Cedega, ba tare da ya mayar da muhimman gyare-gyarensa ga jama'a ba. Wannan na cikin abin da ya sa a 2002 masu Wine suka koma lasisin LGPL, wanda ke wajabta wa duk mai rarraba gyararren bugu ya buɗe gyaransa. Cedega ta shuɗe, Wine tana nan. Saboda haka ko Valve ya tafi gobe, abin da aka rubuta ba zai tafi da shi ba, sai dai albashin masu rubutun ne zai tsaya, wanda shi ma ba ƙaramin rashi ba ne.

Me ya kamata a nema ke nan? Ba na ganin hikima a ci gaba da yi wa kamfanoni ihu cewa sai ɗan gida ko a fasa, domin an yi shekaru ana wannan ihu ba a samu komai ba. Abin nema shi ne alkawari a rubuce. Valve ya ɗauki mataki mai kyau a ƙarshen 2024, da ya wajabta wa masu wasanni su bayyana a shafin ciniki idan suna amfani da manhajar hana maguɗi mai shiga zuciyar tsarin. Ya kamata ya ƙara gaba, ya ba kamfanoni hanyar da za su ayyana a hukumance cewa suna goyon bayan Proton, tare da sharaɗin cewa duk wanda ya ayyana sannan ya janye zai mayar da kuɗin waɗanda suka saya bisa wannan magana. Idan masu Linux suka ci gaba da ƙaruwa, wasanni 'yan gida za su zo da kansu, domin kasuwa ce ke kiran ɗan kasuwa. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma babu laifi uwar ɗakin ma a san haƙƙin da ke kanta.

Daga ƙarshe, ga inda lamarin ya taɓa mu kai-tsaye. A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba, ciki har da guntun tsaro na TPM 2.0. Kowa ya san cewa kaso mai yawa na kwamfutocin da ke gidajenmu da shagunanmu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Ga masu irin waɗannan, Linux hanya ce ta halal kuma kyauta da za ta tsawaita rayuwar na'ura, maimakon satacciyar Windows da ake loda wa mutane a kasuwa. Matashin da ke tunanin komawa, tambayar farko da zai yi ita ce ko wasanninsa za su bi shi. Amsa ta gaskiya ita ce yawancin waɗanda mutum ke bugawa shi kaɗai za su bi shi, wasu daga cikin manyan na gasa ta intanet ba za su bi ba, kuma ya kamata ya bincika kowanne kafin ya fitar da kuɗinsa.

Ga manyanmu kuma da ke sa hannu a kwangilolin manhaja na ma'aikatu da bankuna da asibitoci, darasin ɗaya ne. Idan ɗan kwangila ya ce muku kayansa na aiki da tsarin da kuke da shi, ku tambaye shi wa zai gyara ranar da suka daina, cikin kwana nawa, kuma da kuɗin wa, sannan ku sa ya rubuta amsar a takardar yarjejeniya. Masu wasannin Linux sun koyi wannan da kuɗin aljihunsu, bai kamata mu koye shi da kuɗin jama'a ba. Allah Ya sa mu dace.